Ranar Tashin Balbela

Litinin

Zuwa ga aminina Kyaftin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka da sauƙi. Yaya ƙarfin jikin? Hannun ya fara jin magana kuwa? Yaya 'yata Auta da maigidanta da ƙananan? Mu nan lafiya ƙalau muke, sai kewarka da ta ishe mu. Uwargida tana gaishe ka da jiki, ta ce in gaya maka ba ta taɓa ɗaga hannu ta manta da kai ba.

Ka ga da tsufana na koma rubuta wasiƙa kamar ɗan makarantar kwana. Ba son raina ba ne. Ranar da Auta ta kara maka waya a kunne, na yi ta zuba kamar rediyo, kai kuwa kana ta kokawa da harshenka, kalma ɗaya ta ƙi fita. Mutumin da ya shekara talatin yana daka wa ɗalibai tsawa a sama har mu na ƙasa muna jiyowa! Da na kashe wayar sai da na zagaya bayan rumfa na goge idona. Na ce ba zan sake ba ka wannan wahala ba. Takarda ba ta jiran amsa. Auta ta karanta maka, in ka gaji ta ninke ta ajiye.

Yau wata huɗu ke nan cif da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da kai a ƙarƙashin fiffiken hagu na jirginmu, burushin fenti yana hannunka. Tun da aka ɗauke ka zuwa gidan 'yarka Auta, tafiyar awa biyar a mota, rumfar jirgin nan ta yi mini girma. Kujerarka tana inda ka bar ta. Babu mai ce mini na ɗaure noti kamar mai jin haushin ƙarfe.

To ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya injin jirginmu Balbela ya tashi! Wallahi ya tashi. Na juya farfela sau uku tana tari, a na huɗu ta kama, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, tantabarun kan rufi suka watse. Na koma gefe ina ta dariya kamar taɓaɓɓe. Sai na tuna ranar da ka ja ni bayan tsohuwar makarantar koyon tuƙi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ka nuna mini wani ƙwarangwal na katako da yagaggen yadi, kaji suna ƙwai a kujerar gaba, ka ce a cikin wannan jirgin ka fara barin ƙasa kana ɗan shekara goma sha tara. Na ce maka wannan ai itacen girki ne. Ka ce shi ya sa ka zo da Sarkin Tsatsa. Sunan ya kori Injiniya da aka san ni da shi, ya bi ni har gida, jikokina ma da shi suke kirana, kuma ban yafe maka ba.

Aikin da ya rage kaɗan ne: fentin fiffiken da ka bari rabi, birki, da gilashin gaba. Abin da ke ci mini rai shi ne littafin jirgin. Duk aikin da ya taɓa wayoyin tuƙi layi biyu ne a shafinsa, na wanda ya yi da na wanda ya duba, mai aiki kuma ba ya duba aikin kansa. Shekara arba'in, a duk jirgin da muka yi aiki a kansa, layin farko nawa ne, na biyu naka. Kai kuwa ba ka taɓa sa hannu ba sai ka cusa kanka cikin jirgi ka lalube kowane noti kana tsaki, kamar ni ɓarawo ne. Sau nawa muka yi faɗa a kan haka? Yanzu in na buɗe littafin na iske layinka fayau, sai in rufe.

Mutanenmu na ranar Asabar, masu ƙananan jirage marasa inji da ake juyawa da rimot, suna nan suna cika gefen fili kamar kullum, duk suna tambayarka. Mai Haƙori, likitan haƙoran nan, ya ƙera sabo, fiffikensa ya fi ni tsawo. Wata uku yana manna shi da gam a bayan asibitinsa. Ya cilla shi sama, ya yi shawagi mai kyau har muka fara tafi, sai ya juyo don ya ga ko muna kallonsa. Kafin ya mai da kai, jirgin yana kan bishiya. Ya ce iska ce. Ganye ko ɗaya ba ya motsi, Kyaftin. Amma mutumin kirki ne, shi ya zauna a cikin Balbela ya taka birki ranar da na tayar da inji. Da yake yana da lasin tuƙin ƙaramin jirgi tun ƙuruciyarsa, doka ta yarda ya riƙa sa hannu a layinka kafin ka dawo.

Ba na son kewaye-kewaye. Auta ta gaya mini abin da likita ya ce game da zuciyarka, na san kai ma ka sani. Ni abu ɗaya na sa a gaba: ka ga Balbela a sama da idonka. Ba a hoto ba, ba a waya ba. Ka zauna a bakin fili ta wuce ta kanka. Kai ka riƙe mini kanka, ni zan riƙe sifana.

Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi kafaɗunka. A gaishe da kowa da kowa.

Naka har kullum,
Sarkin Tsatsa

Litinin

Zuwa ga aminina Kyaftin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe ka, da fatan jikin da dama. Auta ta ce ka fara riƙe cokali da hannun hagu, kana kuma ture nas in ta zo gyara maka filo. Na ce alhamdu lillahi, tunda rigimar ta dawo, sauran ma suna tafe. Uwargida tana miƙo gaisuwa, mutanen Asabar ma haka.

Ka yi haƙuri da jina shiru sati shida, aiki ne ya sha kaina. Ka kuma yi haƙuri da wannan rubutu manya-manya kamar na allon talla. Biron ne ba shi da kirki.

Jami'in da ke duba lafiyar jirage ya zo. Kwana biyu yana bin Balbela da tocila da ɗan madubi, fuska a murtuke, ko ruwa bai sha ba. Ya ƙwanƙwasa katako, ya danna yadi da yatsa, ya karanta littafin tun daga shafin farko. Da ya gama ya cire tabarau ya tambayi wanda ya ɗinka yadin wutsiya. Na ce wani tsohon matuƙi ne mai taurin kai. Ya ce ya daɗe bai ga ɗinki irinsa ba. Ka ji, kada kanka ya fashe. Ya buga hatimi, takarda tana hannuna. Balbela ta sami izinin tashi.

Ɗalibarka ce za ta tuƙa. Malama ake ce mata yanzu, ita ke koyar da wasu, har da tsawar duk ta kwashe. Da na kira ta, ban rufe baki ba ta ce ko jirgin kwali ne za ta hau in dai don kai ne. Ta zo sau biyu ta zagaya fili da Balbela a ƙasa, ta ce birkin dama yana ɗan ja, na gyara.

Sai maganar ranar. Auta, ki karanta har nan, kada ki tsallake, na san halinki. Kyaftin, 'yar nan taka ta ba ni wuya. Sau huɗu ina kira tana ce mini likita ya hana doguwar tafiya. Na yi lallashi, na yi fushi, na tuna mata ni na koya mata hawan keke a wannan filin. Daga ƙarshe ta yi kuka, ni ma na yi, sannan ta koma wajen likitan. Ya yarda da kwana ɗaya tak, ya ce kuma kada a sake tambayarsa. Ku taso da sassafe ranar Asabar, ku iso sha ɗaya, ƙarfe biyu ku kama hanya. Awa uku ke nan. Ba na neman fiye da haka, minti goma sha biyar ma sun isa. Na gode, 'yata, Allah ya yi miki albarka.

Akwai ɗan abu guda. Jiya ina bin wayoyin tuƙi da tsumma, yadda muka saba, sai tsumman ya maƙale a wayar da ke zuwa leɓen fiffiken dama, wanda ke ɗagawa da sauka in an tura sandar tuƙi, daidai inda take lanƙwasa a ƙarƙashin kujera. Sili biyu sun tsinke. Shi jami'in ba laifinsa ba ne, wurin ido ba ya kai masa, hannu ne kawai ke ji. Amma ba wani abu ba ne, akwai sabuwar waya a kabad. Zan canja ta dama da ta hagu gaba ɗaya, tunda tare aka sa su. Na riga na naɗa musu alama, jan tef a ta hagu, kore a ta dama. Aikin kwana biyu ne in na yi a hankali, ranar Alhamis in gama, Mai Haƙori ya zo ya duba. Kada ka sa wannan a ranka. Na gaya maka ne kawai don ban saba ɓoye maka abin da ya shafi jirgi ba.

Uwargida sai faɗa take yi wai ina wuni a rumfa, na rame, na fasa ƙaurina a jikin benci har sau biyu. Na ce mata fitilun rumfar ne suka tsufa. Ta yi mini wani irin kallo.

Ka sa a nemo maka tsohuwar hularka ta tuƙi. In ka zo da wata ba zan buɗe maka ƙofa ba. Sai na gan ka, in Allah ya yarda.

Naka,
Sarkin Tsatsa

Laraba

Zuwa ga aminina Kyaftin,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya, gajiyar hanya kuma ta sake ka. Yaya jikin? Auta ta ce tun da kuka koma ba ka cin abinci sosai. Don Allah ka daure ka ci. Uwargida tana gaishe ka.

Kwana huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ka ga abin da ya faru da idonka, amma akwai abin da ba ka sani ba, Auta ma tana da haƙƙin ta ji, tunda ita ta yarda da ni ta ɗauko mahaifinta.

Da aka sauko da kai daga mota a keken marasa lafiya, da hular a kanka, na matso na dafa kafaɗarka. Ka zube, Kyaftin. Amma da aka buɗe ƙofar rumfa aka turo Balbela cikin rana, fara fat, na ji numfashinka ya canja. Ni na ce a ɗaga ka a sa ka a kujerar gaba kafin Malama ta tashi, ko na minti biyar, a ɗauki hoto. Mutum huɗu suka ɗaga ka. Kana zama, hannunka mai lafiya ya tafi kan sandar tuƙi da kansa. Ka tura ta dama ka leƙa fiffike. Ka tura ta hagu ka leƙa. Ka sake. Sai ka fara dukan jikin jirgi kana wani irin gurnani.

Kowa ya ɗauka murna ce ta yi maka yawa. Mutanen Asabar suna tafi, wasu suna share hawaye. Auta ta tsorata ta ce a fito da kai, ka ƙanƙame sandar ka ƙi saki, har jijiyar wuyanka ta tashi. Malama ce ta hau ta dubi hannunka, ta dubi fiffiken, na ji ta yi salati. Ka tura sanda dama, leɓen dama da ya kamata ya ɗaga sai ya sauka. Na haɗa wayoyin a juye. Da ta tashi a haka, iska ta ɗan karkatar da ita ta nemi gyarawa, kifewa za ta yi a ƙarshen titi, a gaban idonka, da 'ya'yanta biyu suna tsaye suna ɗaga mata hannu. Daga baya ta ce mini ai ita ma za ta gwada sandar kafin ta tashi, da ta gani. Na tambaye ta tsakaninta da Allah. Ta ce ba ta sani ba, don in mutum ya yarda da makaniki, motsi kawai yake dubawa.

To ga abin da na ɓoye. Idona ya tafi, Kyaftin. Shekara biyu ke nan. Likita ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta fara mutuwa, babu aikin da zai dawo da ita. Na hagu saura ƙiris. Na dama kamar mai leƙe ta cikin bututu, in wuri ya yi duhu kuwa ja da kore duk ɗaya ne a wurina. Uwargida kaɗai ta sani, na sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Ba biro ba ne, ba fitilu ba ne. Da hannu nake aiki tun kafin ka kwanta, kai ne idona ba ka sani ba. Da ka tafi, na ji tsoron in na faɗa za a karɓe sifana daga hannuna, a kawo wani ya fara daga farko, kai kuma ba ka da lokacin jira.

Ranar Alhamis na kwanta a ƙarƙashin kujera na haɗa wayoyin, ina ganin na bi alamata. Na hau na tura sanda, na hango wani abu yana motsi can a bakin fiffike. Ko sama ya yi ko ƙasa, ban iya rarrabewa ba. Na ce wa kaina ai Mai Haƙori zai duba. Ya zo da yamma a gurguje, ya bar wani da buɗaɗɗen baki a kujera, biro a hannunsa tun daga mota. Ya ce shi wane ne da zai duba aikin Sarkin Tsatsa, mutumin da ya fara kwance inji tun shi yana rarrafe. Ya ɗora littafin a kan mota ya sa hannu. Ni kuma na bar shi. Har daɗin maganar na ji. Abin da ya kamata in ce masa bai fi kalma goma ba: tsaya a bayan fiffike ka gaya mini wanne ya ɗaga. Amma na san da na faɗi haka, da ya tambaye ni me ya hana ni gani da kaina. Wannan tambayar na guje wa. Kada a ga laifinsa, bawan Allah ko fili ya kasa zuwa tun ranar. Laifin nawa ne daga farko har ƙarshe.

Ka ga yadda na faɗa cikin jirgin kamar mahaukaci ina cewa awa ɗaya ta isa. Na buɗe ƙasan kujera, na kwance, na juya wayoyin. Sai aka zo zura siririyar wayar kulle a ramin noti. Ramin da na zura sau dubu. Ina soka gefe, ina soka gefe, mutane sun kewaye ni. Malama ta durƙusa ta karɓi filaya daga hannuna a hankali, kamar ana karɓe wuƙa daga hannun yaro. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai Auta ta ce kana kirana. Na zo na tsuguna a gaban kekenka ina jiran hukunci. Ka kama hannuna ka rufe mini idon dama da shi, ka bar na hagu. Daga baya Uwargida ta ce ka yi ta kaɗa hularka a gaban fuskata, ni ko ƙiftawa ban yi ba. Da ka ajiye hular, ka kama wuyan hannuna ka matse, ka daɗe ba ka saki ba. Wallahi da ka mare ni da ya fi mini sauƙi.

Sauran ka sani. Ƙarfe ɗaya iska ta taso ta gefe, masu ƙananan jirage ma suka tattara kayansu. Malama ta ce ko an gama ba za ta tashi da sabon haɗi a irin wannan iska ba, kuma gaskiyarta. Ƙarfe biyu Auta ta dubi agogo. Aka sa ka a mota, Balbela tana tsaye a ƙasa.

Yanzu an gyara. Malama ta kawo makanikin makarantarsu ya yi aikin, ita ta duba da kanta, ta cusa kai tana tsaki kamar wani da na sani. Ni ban taɓa ba, ba kuma zan ƙara taɓawa ba. Na kai akwatin kayan aikina gida.

Auta, 'yata, ba ni da bakin roƙo, amma zan roƙa. Kwana ɗaya kuma. Ko awa ɗaya. In likita ya ƙi, ki ba ni lambarsa in yi masa magana da kaina. Ba za mu tashi Balbela ba sai mahaifinki ya zo.

Kyaftin, ka yafe mini. Na cinye maka ranarka.

Naka mai jin kunya,
Sarkin Tsatsa

Lahadi

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da yara. Yaya haƙuri? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Kyaftin, ya yi masa rahama, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Mu kuma ya kyautata namu bayan nasa. Mamanki Uwargida ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, don haka in kin ga rubutun ya yi kyau kada ki yi mamaki. Tana gaishe ki ƙwarai.

Ranar da muka zo jana'iza na kasa haɗa ido da ke. Na ji kin nemi ni kafin mu taso, ni kuwa na riga na shige mota. Ki yi haƙuri, rashin ƙarfin hali ne, ba wani abu ba. Kwana tara tsakanin zuwansa nan da rasuwarsa, na yi ta lissafa su ina tambayar kaina ko tafiyar nan ce ta ƙarasa shi. Sai ga takardarki. Kin ce likita ya tabbatar miki zuciyar ta riga ta gaji, da tafiya da ba tafiya. Kin ce kin karanta masa wasiƙata ta ƙarshe sau biyu, da kika zo inda Malama take tsaki har ya yi dariya, da kika zo inda na nemi gafara kuma ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Na sa Mamanki ta maimaita mini wurin nan har ta gaji. Allah ya saka miki da alheri, kin sauke mini wani abu daga ƙirji, ko da yake ba duka ba.

Kin ce kada mu bar Balbela a rumfa, mu tashe ta, in kuma rubuto miki yadda ta tashi, dalla-dalla, kamar yadda zan gaya wa mahaifinki. Na farkon an yi. Jiya da safe, iska a kwance, Malama ta hau. Mutanen Asabar duk sun zo, ba wanda ya fito da nasa jirgin. Mai Haƙori ma ya zo, sai da na aika masa sau biyu. Ya tsaya a gefena, na kama hannunsa na ce ya bar zancen nan, tare za mu tsaya.

Na biyun ne ba zan iya ba, 'yata. Tun bayan rasuwarsa, idon daman ma ya ƙara rufewa, likita ya ce dama haka zai yi. Na ji injin ya kama a juyi na biyu. Na ji ta wuce ta gabanmu tana gudu a kan titi, wani farin abu ya gilma, shi ke nan. Daga nan sai ƙara tana nisa. Na ɗaga kai ina neman ta, sama duk ta zama fari ɗaya. Mutane suka ɓarke da ihu, ni kuwa ina jijjiga hannun Mai Haƙori ina tambayarsa ko ta ɗaga. Shi kuma kuka ya hana shi amsawa. Sai da na ji ƙarar ta dawo ta kaina, daga sama, sannan na sani.

Abin da zan iya gaya miki na kunne ne. Injin bai yi tari ko sau ɗaya ba. Ta zagaya sau uku, a na ƙarshe Malama ta rage wuta ta wuce ƙasa-ƙasa har na ji iska tana busa a wayoyin fiffike. Minti goma sha takwas, in ji masu agogo. Tayoyin sun taɓa ƙasa sau ɗaya, ba tsalle. Da mahaifinki yana nan da ya ce ta sauka da ɗan sauri, don bai taɓa yabon ɗalibi a gabansa ba.

Shekara goma sha ɗaya mu biyu muna haɗa ta don mu ga wannan. Shi bai gani ba. Ni ma ban gani ba. Kowa ya zo yana ce mini ta yi kyau, ta yi kyau, amma ba wanda ya iya gaya mini yadda ta yi. Su kyau kawai suka gani.

Don haka ni ma ina da roƙo. Ke kin girma a bakin filin nan, a kafaɗarsa kika fara kallon jirgi, kin san abin da yake dubawa in ɗalibi ya tashi. In kin sami sarari, ba yanzu ba, sai hankalinki ya kwanta, ki zo da yaran ranar wata Asabar. Malama ta ce duk ranar da kika zo za ta tashe ta. Ki tsaya kusa da ni, ta ɓangaren dama, ki riƙa gaya mini abin da kike gani, tun daga inda wutsiya take ɗagawa. Kada ki tsallake komai.

Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yaran. Allah ya ƙara mana haƙuri baki ɗaya.

Babanki,
Injiniya